Ranar da Motar Hedimasta Ta Ƙi Mu

Yaran yanzu suna ba ni dariya. Yaro zai shigo garejina da wani ɗan akwati kamar rediyo, ya soka wa mota waya a ƙarƙashin sitiyari, akwatin ya yi ƙara, sai ya ɗago ya ce mini wai ashe kanikanci ba wuya. Ba na musu da su. A zamaninmu akwatin nan kunnenka ne da hancinka da harshenka. Fetur ɗin da ni Tanko na zuƙa da baki a rayuwata ya isa ya kai tirela Legas ta dawo, har yau in na yi gyatsa matata janye ni take daga kusa da murhu.

A hannun Oga Sunday na koyi aiki, bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Gajeren mutum ne mai tafin hannu kamar faranti. Shekarata ta farko ban taɓa inji ba, sai wanke sifana da kananzir da jera su a kan buhu daga ƙarama zuwa babba. In ya kira sifana mai lamba sha uku ka miƙa masa sha huɗu, ta sama za ta dawo maka, kuma ban taɓa ganin ya yi kuskuren kai ba. A shekara ta biyu ya fara ɗaure mini ido da tsumma ya sa in kwance kabureta in haɗa. Magana ɗaya yake maimaitawa kullum har ta gundure mu: in mota ta mutu, ka bi mai tun daga tanki, kada ka fara daga inda ka fi iyawa. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Aikin farko da na yi ni kaɗai, ba Oga a kaina, na Hedimasta Bitrus ne. Yana da wata baƙar mota mai dogon hanci wadda ta girme ni, da ɗan gicciyen katako rataye a madubi. Lokacin yana riƙe da wata firamare a ƙauye, can bayan Madakiya, kuma satar mota ta yi yawa. Ya ce yana son abin da in ɓarawo ya ɗauke ta, za ta yi ɗan nisa da shi sannan ta ba shi kunya. Na shiga ƙarƙashinta na yanke bututun mai da ya taso daga tanki, na huda ƙasan motar, na shigo da shi ƙarƙashin kujerar baya, na ɗaura masa ƙaramin famfon tagulla da na cire daga tankin wani mataccen babur. Ka murɗa dama mai ya tsaya, ka murɗa hagu ya wuce. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Tun daga ranar, duk sanda zai kawo ta gyara, a buɗe yake kawo ta, shi ke rufe abinsa in ya koma. Shekaru suka shuɗe ban sake kai hannu wurin ba.

Hedimasta ne ya kai ni ƙungiyar masu tsofaffin motoci, a 1987, 'yan watanni bayan rigimar da aka yi a garin nan, daidai lokacin da na buɗe nawa garejin kuma ba abin da ke shigowa sai awaki masu neman inuwa. Sunan ƙungiyar na takarda dogo ne, da Turanci, ba wanda ya riƙe shi. 'Yan Turi mutanen gari ke kiransu, don ba a taɓa ganin sun tashi gaba ɗaya ba tare da an tura aƙalla biyu ba. Motoci tara ne. Shugabansu Baba Yohanna, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ya yi ritaya amma ya ƙi rabuwa da hular aiki da usur. Akwai Sista Rifkatu, nas, mai wata 'yar kunkuru da injinta ke baya. Akwai Alhaji Garba mai citta, wanda kakanninsa suna kasuwar nan tun kafin a shimfiɗa dogo, mai farar mota da carbi a madubi. Shi da Hedimasta ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba. Alhaji ya ce motar Hedimasta makara ce aka sa wa tayoyi, Hedimasta ya ce ta Alhaji in ka buɗe injinta citta za ka tarar a ciki.

Asabar ɗin ƙarshen wata ake taruwa a gindin wani mangwaro kusa da tasha. A wanke motoci, a goge su har ka ga haƙoranka a jiki, sannan a zauna a shara ƙarya a kan gudun da kowacce ta yi a ƙuruciyarta. In lokacin tafiya ne, a nufi ruwan Matsirga, ko gindin dutsen Kagoro, ko Gwantu ranar kasuwa. Sista ta kawo fate a kula, Alhaji ya kawo kilishi, masu shan abin sha su koma wata inuwar, in azahar ta yi a jira mu mu yi salla. Da Salla a jera motoci a ƙofar Alhaji, da Kirsimeti a ƙofar Hedimasta.

Ni wurina a ƙarshen jerin yake, cikin a-kori-kurata, da igiya da akwatin sifana da jarkar ruwa. Dokar Baba ce ba a barin mota ta kwana a hanya, kuma a kowace mararraba na gaba zai tsaya ya ƙirga. Amma dokar da ta fi kowacce, wadda ba ka samun irinta a ko'ina, ita ce ta dawowa. In an gama yini za a juyo gida, Baba zai cire hularsa, kowa ya jefa makullinsa a ciki, a girgiza, kowa ya zura hannu ido a rufe. Wadda ka ciro ita za ka tuƙa zuwa Kafanchan. Baba ya ce ta haka ne kawai za a daina yi wa juna ƙarya a kan motoci. Kafin a tashi kuma, mai mota zai ja wanda ya ciri tasa gefe ya raɗa masa halinta: wannan birkinta sai ka taka sau biyu, waccan ba ta son giya ta uku, wata ƙofarta sai da gwiwa. Na ga Sista ta tuƙa doguwar motar Baba da matashi biyu a ƙarƙashinta, na ga Baba a cikin kunkuru gwiwoyinsa suna taɓa kunnuwansa.

Shekara biyar muna haka. Sai shekarar da Zangon Kataf ta kama da wuta.

Ba zan ba ku labarin abin da ya faru can ba, manyanku sun sani. Abin da na sani shi ne gareji. Mutumin da ya shekara yana kawo mini mota ya fara zagayawa ta wani titi. Wasu suka kwashe iyali suka sake unguwa. Kowa ya san ina zai bi, ina ba zai bi ba, da ƙarfe nawa zai kasance a gida. Gindin mangwaro ya koma na masu wankin babur. Wata huɗu 'Yan Turi ba su haɗu ba. Sifanonina suka fara tsatsa, na dinga wanke su da kananzir kamar ina shekarar farko, don kawai hannu ya sami abin yi.

Cikin damina Hedimasta ya rasu, ciwon ajali, a gadonsa. Za a kai shi ƙauyensu, gaba da inda ya yi koyarwa. A al'adar ƙungiya, in ɗan ƙungiya ya mutu duk motoci ke raka shi. Mutum huɗu suka aiko da uzuri, ban ga laifinsu ba. Washegari da safe sai ga Alhaji Garba a garejina, wai in duba masa mai da ruwa. Na ce masa ya rufa mana asiri ya zauna a gida, a yi masa gaisuwa a madadinsa. Ya dube ni ya ce shekara ashirin yana zagin motar mutumin nan, ba zai bari a tafi da shi bai raka ba. Da Baba Yohanna ya ga ba zai lanƙwasu ba, sai ya ce to ya ajiye farar motar, don duk yankin an san ta, ya shiga tasa su zauna tare. Alhaji ya yarda da wannan. Da aka ce ya cire hula kuwa, ya ce sai dai a cire da kan.

Mun isa lafiya. Babban ɗan marigayi ne ya tuƙa baƙar motar a bayan akwatin gawa, a hankali, mu muna biye. Aka yi sujada a coci, ni da Alhaji muna zaune a bencin ƙarshe. Ana kallonmu, amma ba wanda ya ce mana komai, har wata tsohuwa ta kawo mana ruwa a ƙwarya. Bayan an rufe shi, matarsa ta kira Baba ta ce mai gidan ya bar wasiyya, motar ta ƙungiya ce, kada a sayar, a ajiye ta a garejin Tanko. Ɗan zai zauna kwanakin makoki, sai mu tafi da ita yau.

Wajen ƙarfe uku muka taru a bakin motoci. Hadari ya fara haɗuwa. Ban san ko tunani ya yi ba ko hannunsa ne ya saba, sai na ga Baba ya cire hula. Sista ta ce a bar wannan yau. Baba ya ce ai Bitrus ne mai karanta mana doka duk sanda wani ya so kauce mata, ba a ranar da aka binne shi za a fara karyawa ba. Aka jefa makullai, har da na marigayin. Alhaji, da yake bai zo da mota ba, shi ma direba ne a ranar. Ya zura hannu ya ciro. Muka ga ɗan zaren coci a jikin makullin, na marigayin ne.

Nan ne ya kamata mai mota ya ja shi gefe ya raɗa masa halinta. Mai motar yana ƙarƙashin ƙasa. Alhaji ya juya makullin a tafinsa, ya buɗe ƙofa ya shiga. Mu manya da hankalinmu, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin yadda abin zai kasance a idon wanda bai san 'Yan Turi ba: Bahaushe da hula da babbar riga, shi kaɗai, a cikin motar Hedimasta Bitrus, ranar da aka binne shi, a wannan shekarar.

Ni na ɗan makara, don dangin mamacin sun tsare ni suna loda mini doya a bayan a-kori-kura. Hanyar jar ƙasa ce, ga caɓi, ga masara ta yi tsawo a kowane gefe, ba ka ganin na gabanka in ya sha kwana. Na yi kamar mil shida ban ga kowa ba. Ina gangarowa wata 'yar gada, sai na hango baƙar motar a tsaye a kan hawa, an gitta gungume a gabanta, mutane sun kewaye ta.

Samarin wani ƙauye ne da ke gadin hanyarsu, kamar yadda ake yi ko'ina a lokacin. Sun kai ashirin, da sanduna da adduna, ɗaya riƙe da jarkar fetur. Sauran motocinmu sun wuce su ba matsala, don fuskoki ne da aka sani. Alhaji kuwa motar ta dinga yi masa tari tun daga baya, ya yi ta raguwa, ta zo daidai gabansu ta mutu. Ya yi ta murɗa makulli har batir ya fara nishi.

Zan iya juyawa. Na duba madubi, hanyar a buɗe take. Amma ni ne mai igiya, kuma sun riga sun gan ni. Na tsaya na fito da akwatin sifana, na yi sallama irin ta kowa, na ce sannunku da aiki.

Babbansu wani dogo ne mai jar riga, na ji suna ce masa Ayuba. Sun fito da Alhaji sun jingina shi da ƙofa. Ayuba ya buga rufin motar da tafin hannu.

"Motan Hedimasta ne wannan. Ina ka samu shi?"

"Daga wurin binne shi nake," in ji Alhaji.

"Ban tambaye ka inda ka fito ba."

Sai na shiga da bakina, wanda bai taɓa ba ni kunya ba sai ranar. Na ce ni bakanike ne, mu 'yan ƙungiya ɗaya ne da marigayi, na kwashe labarin hula da makullai na faɗa musu, har ina ɗan dariya don su ga abin wasa ne. Ina cikin faɗa ina jin yadda maganar ke fita, ni kaina da wani ne ya ba ni ita da ban yarda ba. Ayuba ya bari na gama.

"Wato caca kuka yi a kan motan mutum, ƙasan kabarinsa bai bushe ba."

Na ce su tura mutum ƙauyen mamacin a tambaya, ko su jira shugabanmu, zai dawo in ya ƙirga a mararraba. Wani daga baya ya ce ai dama jira muke so su yi har 'yan uwanmu su iso. Wani ya sa tsinin sanda ya ture hular Alhaji ta faɗa cikin caɓi. Alhaji bai sunkuya ba, leɓensa kawai ke motsi. Mai jarka ya je ya ajiye ta a gindin a-kori-kurata ya kwance murfin.

Ayuba ya ce, "Mu duka a hannunsa muka yi makaranta. Mun san motan nan. Da kansa ya ƙi ku. In da gaske an ba ku, ku tayar da shi mu gani. In bai tashi ba, mun san abin da ya faru."

To yara, ga inda kanikanci yake. Ba a gareji ba, da rediyo yana kiɗa da mai shayi a gefe. Na buɗe gaban motar, sai na tarar da hannuna a kan kabureta tun kafin in yi shawara da shi, don ita na fi iyawa. Na cire murfin, na kwance, wani ɗan sukuru ya suɓuce ya faɗa caɓi, na durƙusa ina lalube a tsakanin ƙafafun mutane. Ni da nake haɗa ta ido a ɗaure. Na same shi, na goge a riga. Cikinta a bushe ƙamas. Na ce to famfon inji ne ba ya turo mai, na kwance shi, lafiyarsa lau. Na cire fulogi na gwada, wuta tana nan. Na koma kan kaburetar na sake hura ramukan da na riga na hura. Ina aiki ina zuba, na ce musu motar nan ta girmi kakana, na ce ranar da aka ƙera ta ma sai da aka tura ta daga masana'anta. Ko murmushi. Sai ƙarar takalman da ke matsowa da ɗigon ruwa a kan ƙarfe.

Ban san minti nawa ba. In kun tambaye ni zan ce shekara biyu da rabi. Na ɗago na dubi hanyar Madakiya, ba Baba ba alamarsa. Na dubi Alhaji, ya dube ni. Duk zaman da muka yi bai taɓa ganin na kwance abu ɗaya sau biyu ba, ya gane ban san inda matsalar take ba. Samarin ma sun gane. Da'irar ta matse har ba na iya miƙe gwiwar hannu. Wani ya ce ɓata musu lokaci muke yi. Wani ya kama Alhaji ta wuyan riga.

Ayuba ya leƙo kan injin ya dubi sifanonina da na baza, ya yi tsaki.

"Kuna tsammani da wannan ake tayar da shi? Hedimasta ba ya shiga motan nan sai ya buɗe ƙofan baya ya durƙusa ya yi addu'a. Kullum. Shekara shida muna kallonsa. Ku me kuka sani?"

Sifanar da ke hannuna ta tsaya. Ƙofar baya. Durƙuso. Na ji kamar Oga Sunday ya jefo mini sha huɗu daga Kafanchan ta same ni a tsakar ka. Ɗan marigayi da ya ajiye motar a ƙauye ya rufe famfon, yadda ubansa ya koya masa. Famfon ya tsufa, ba ya rufewa ruf, shi ya sa ta yi ta ɗiga mata mai har mil shida, da ta zo hawa ta nemi ƙari ta rasa. Abin da na ɗaura da hannuna ne yake yin aikin da na ɗaura shi ya yi, ya ɗauki Alhaji ɓarawo. Da na fara daga tanki da tuni muna gida.

Na ce, "Bari in yi yadda yake yi."

"Kar ka yi mana wasa da addu'a," in ji Ayuba, ya ɗaga sandarsa daidai kafaɗata.

Na ce ba wasa a ciki. Na zagaya na buɗe ƙofar baya, na sa gwiwoyina biyu a cikin caɓi, na sunkuyar da kai a kan kujera, na zura hannu ƙarƙashi. Yatsuna suka taɓa shi, sanyi, ya yi kanta. Na murɗa hagu ya ƙi. Na sake, da yatsa uku, har fata ta yage, sannan ya saki. In kun ce addu'a na yi ba ku yi ƙarya ba, don duk abin da na haddace tun ina allo sai da ya fito a wurin nan. Kuma wa ya sani, ƙila shi ma marigayin in ya durƙusa yana haɗa biyun.

Na tashi na koma gaba, na mayar da famfon inji, na cire tiyo na sa a baki na zuƙa. Iska, iska, sai fetur ya cika mini baki. Ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba. Na tofar, na haɗa kabureta, wannan karon hannun ya dawo nawa. Na ce a saki Alhaji ya shiga. Suka dubi Ayuba, ya ɗaga kai. Alhaji ya zauna ya murɗa makulli.

Ƙyat. Batir ya mutu.

Wani ya yi dariya, ba irin dariyar da nake nema ba. Na ce mai ya zo, wuta ce ta ƙare, sai an tura. Ni kaɗai ba zan iya tura ta a kan hawa ba, nawa batirin kuma a ɗaure yake da waya ƙarƙashin kujera, kafin in kwance shi an gama da mu. Ba wanda ya motsa. Na zagaya bayan motar don in fara ko da ni ɗaya ne, sai idona ya faɗa kan abin da na sha gani ban taɓa kula ba. A bayanta, ƙasa-ƙasa, baƙin fentin ya goge har ƙarfe ya fito fari, wuri-wuri, a jere, sawun hannayen masu turi, daidai tsawon yaron firamare. Na nuna da yatsa na tambaya ko a cikinsu akwai mai wannan aikin.

Ayuba ya zo ya tsaya yana kallo. Sannan ya sunkuya ya ɗora tafinsa a kan na gefen dama, tafin ya rufe wurin har ya yi saura.

"Nan ne wurina," ya ce. "Ni ne monita."

Wani ya ce nasa na tsakiya ne, wani ya ce ƙarya yake, shi kullum a makare yake zuwa. Ayuba ya kira sunaye biyar kamar mai kiran rajista. Ba a turi da sanda a hannu, sai suka jingina su a jikin gada. Aka mirgine gungumen. Na leƙa na ce wa Alhaji giya ta biyu, kada ya saki kuloci sai na buga rufi. Muka tura. Na buga, ya saki, ta yi tari biyu ta mutu. Ayuba ko ɗagowa bai yi ba, ya ce haka yake yi, sai a na biyu. Muka sake. Na buga. Ta girgiza, ta yi atishawa, ta saki baƙin hayaƙi a fuskokinmu, ta kama.

Daidai nan sai ga doguwar mota ta taho a guje tana watsa caɓi, Baba Yohanna yana busa usur ta taga, Sista a gefensa. Ya fito yana tambayar kowane ɗaya ɗan gidan wane ne, suna amsawa kai a ƙasa. Sista ta gane uku da ita ta karɓi haihuwarsu, ta faɗa musu haka da wasu maganganu da ba zan rubuta ba. Wanda ya ture hular ya ɗauko ta, ya goge a wandonsa, ya miƙa ta taga da hannu biyu. Alhaji ya karɓa ya sa ta a ka da caɓinta. Baba ya ce ya fito su canja mota. Alhaji ya ce ita ya ciro a hula, ita zai kai gida, kuma ba zai ɗaga ƙafa daga totur ba ko Sarauniyar Ingila ce ta zo.

Da muka isa gareji ya kashe ta, ya zauna a ciki ya daɗe hannunsa a kan sitiyari. Da ya fito ya tambaye ni me na yi a bayan kujera. Na ce addu'a. Ya ce in haka ne in riƙa yi wa tasa ma.

Sai bayan kaka 'Yan Turi suka koma gindin mangwaro, mu shida. Aka kawo maganar soke dokar hula, Alhaji ne ya fara cewa a'a. Abin da aka ƙara kawai, kowa ya raɗa mini halin motarsa tun yana da rai. Yau Baba ya tafi, Alhaji ya tafi, Sista tana Jos wurin jikoki. Baƙar motar tana nan a kusurwar garejina, ina tayar da ita duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Na sake mata fenti sau biyu, ban bari an taɓa bayan ba.

Hedimasta ya yafe mini karya alkawari da na yi a takardar nan, na yi ne don na san yaran ba sa karanta abin da ya wuce layi uku. Duk wanda ya zo mini da ɗan akwatinsa yana cewa aikin ba wuya, makullin nake miƙa masa, mai zaren coci, in ce ga mai cike da tanki, ga sabon batir, ya tayar mini da ita. Sai in ja kujera in zauna. Suna neman inda za su soka waya, suna buɗe gaba, suna kwance kabureta. Har yau ba wanda ya durƙusa.